Daga Bakin Keke Zuwa Shagon Kanka: Matakan Mayar da Ɗinki Kasuwanci

Duk yadin da aka yanka a kasuwar Kantin Kwari da ke Kano sai ya bi ta ƙarƙashin allurar wani kafin ya hau jikin mai shi. Matashin da ke neman abin yi ya tsaya ya yi tunanin wannan. Saƙa ta riga ta suɓuce mana: masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi bayanta a 2007, kuma yau yawancin atamfa da shadda da leshin da muke sawa daga Sin da Holan da Ostiriya suke zuwa. Amma ɗinki yana nan a hannunmu, domin Bahaushe kayan da aka auna jikinsa aka ɗinka yake so. Ga sallah biyu a shekara, ga biki da suna, ga anko da lefe, ga kayan makaranta da na Islamiyya.

Duk da haka za ka ga tela ya shekara goma a kan keke, hannunsa ya faɗa, amma duk ƙarshen shekara sai ya ci bashin kuɗin haya. Matsalarsa ba ta allura ba ce. Ya koyi ɗinki, bai koyi lissafi da riƙe alƙawari ba, kuma waɗannan biyun su ke raba mai shago da mai zaman jiran ciniki. Matakan da ke tafe na namiji ne da mace baki ɗaya, ko da na riƙa cewa "kai".

Mataki na farko: ka zaɓi wanda zai koya maka yanka

Kafin ka kai kanka wani shago, ka je ka zauna ka ga yadda ake da yaran wurin. Idan wanda ya shekara biyu har yanzu guga da sa maɓalli da aiken sayo abinci ne aikinsa, ka nemi wani wurin. Ɗinki kowa zai iya idan ya daɗe yana taka keke. Yanka shi ne sana'ar, kuma shi wasu iyayen gida suke ɓoyewa don kada yaro ya tashi da wuri. Iyayenka ko wani babba su je su zauna da maigidan, a faɗi shekarun koyo, a faɗi lokacin da za a ba ka almakashi, a faɗi ko akwai kuɗin koyo da na yaye. Yin wannan a gaban shaidu yana kare mutuncin kowa.

Idan ka shiga, kada ka raina takardar siminti da tsohuwar jarida. A kansu ake koyon miƙe layi, da fitar da wuya, da zagayen hammata, ba tare da an ɓata shaddar mutane ba. Ka sayi gwanjo mai araha wanda aka ɗinka da kyau, ka warware shi a hankali, ka shimfiɗa ka ga yadda aka yanka kowane ɓangare. Ka kuma koyi cikin keken kansa: yadda ake daidaita ƙarfin zare, abin da ke sa ya riƙa tsallake ɗinki, inda ake ɗiga mai. Telan da sai ya jira mai gyara don ƙaramar matsala a daren sallah ya yi asarar dare guda.

Akwai horon gwamnati, irin na hukumar NDE da ta fara aiki a 1987 da na asusun ITF, kuma jihohi da ƙungiyoyi suna shirya nasu. Ka shiga idan ka samu, musamman inda ake koyar da zana samfuri a takarda, domin wannan ilimi ne da shagunan unguwa da yawa ba su da shi. Sai dai horon wata uku ko shida buɗe ido ne kawai. Bayansa ka koma ƙarƙashin gwani.

Mataki na biyu: ka tsaya a kan abu ɗaya

Kaftani da wando daban, rigar amarya daban, hijabi da abaya daban, kayan yara daban, yunifom daban. Wanda ya ce duka zai yi, a kowanne za a sami wanda ya fi shi. Ka duba unguwarku: me mutane ke ɗauka su kai wani gari ko wata unguwa don babu mai yi a kusa? Nan ƙofarka take. Ke kuma da kike ɗinki a cikin gida, kina da abin da shagon bakin titi ba shi da shi, domin mata da yawa, da mazajensu, sun fi natsuwa mace ta auna su.

Mataki na uku: kayan aiki da jari

Kada ka fara da kama shago. Haya takan cinye jari tun kafin kwastoma na farko ya shigo. Zaure, ko ɗaki a gida, ko kujera a shagon wani da za ka riƙa biyan kuɗin zama, duk sun isa a shekarar farko.

Abin da ba makawa shi ne keke mai lafiya, almakashi mai kaifi wanda ba a yanka komai da shi sai yadi, tef, alli, teburin yanka mai faɗi, da dutsen guga. Ina ba da shawarar keken ƙafa irin su Butterfly ko Singer a farko, ko da kana da kuɗin babban keken lantarki irin Juki, saboda halin wutarmu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta ya zama babban kashin kuɗi a kowane shago, shi ya sa masu hali suke komawa sola. Dutsen guga na gawayi ma kada a yar da shi. Keken wibin, mai tufke bakin yadi daga ciki, shi ya kamata ya zama saye na biyu. Injin surfani da na aikin kwamfuta kuwa ka bar wa masu shi tukuna, ka riƙa kai musu kana biya. Sai aikinka ya yi yawan da zai riƙe injin sannan ka saya.

Jarin farko ya fi kyau ya fito daga abin da ka tara lokacin koyo, ko adashi, ko gudummawar dangi. Bashin banki kafin a sami kwastomomi nauyi ne. Idan kasuwa ta kankama har kana buƙatar inji, akwai Bankin Masana'antu, akwai hukumar SMEDAN mai kula da ƙananan sana'o'i, kuma a 2019 Babban Bankin Najeriya ya fito da shirin rance ga sana'o'in fasaha wanda ɗinki na cikinsa. Wanda ke gudun kuɗin ruwa ya tambayi bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin Jaiz da TAJ, waɗanda kan sayi kaya su sayar maka ka biya kaɗan-kaɗan. Dukkansu abu ɗaya za su fara tambaya: ina shaidar cinikinka? Wannan ya kawo mu ga littafi.

Mataki na huɗu: littafi biyu, na awo da na kuɗi

A littafin awo kowane kwastoma yana da shafinsa: suna, lambar waya, tsawo, kafaɗa, hannu, ƙirji, wuya, ƙugu, cinya, ƙafa, da ranar da aka auna. Jiki yana canzawa, don haka awon bara ba hujja ba ne. Ka yanki ɗan ƙyallen yadin ka liƙa a shafin, ka zana salon da aka yi magana a kai, ka nuna wa mai kaya ya amince. Ka auna yadin a gabansa kafin ya tafi. Idan ya ce yadi biyar ne ya zama huɗu da rabi, gara a sani yanzu. Turmin atamfa yadi shida ne, kuma idan salon da mace ta zaɓa zai cinye har ɗankwali, a gaya mata tun ba a sa almakashi ba. Ragowar yadi kuwa na mai shi ne. A naɗe a sa masa a leda, ko da tafin hannu ne, sai in shi ya ce ya bar maka.

Littafin kuɗi shi ne wanda teloli suka fi gudu, kuma a nan dukiyarsu ke zurarewa. Yawanci farashi ake yankawa da ka, ko a bi abin da maƙwabci ke karɓa. Bari mu yi misali. A ce ka karɓi naira 8,000 a kan kaftani da wando. Mai surfani ya karɓi 2,500. Zare da gam da maɓalli da zif sun ci 1,200. Mai da gawayi 800. Yaron da ya haɗa wandon 1,500. Idan ka raba kuɗin haya da na gyaran keke a kan yawan kayan da kake ɗinkawa a wata, a ce kowanne ya ɗauki 500. Abin da ya rage 1,500 ne, kuma ba ka biya kanka ladan yanka da zaman da ka yi ba. Wanda bai rubuta ba zai rantse ya ci ribar dubu takwas, ya kashe ta a ranar, gobe ya taɓa kuɗin wani don sayo zare.

Saboda haka ka yanka wa kanka albashi kamar yadda kake biyan yaro, ka sa shi a cikin farashi, sannan ka ɗora ribar shago a kai. Kuɗin shago su zauna a asusu daban da na aljihunka. Ka karɓi kafin alƙalami, aƙalla abin da zai sayi kayan haɗi, ka rubuta abin da aka bayar da abin da ya saura. Kaya kuma ba sa fita sai an cika. Nan ne kunya ke karya matasa, domin masu cewa "zan turo" galibi 'yan'uwa ne da abokai. Idan kana son yi wa yayarka ko kawunka alheri, ka yi shi a fili, ka ce wannan kyauta ce, ka rubuta shi a matsayin kyauta. Abin da ke kashe shago shi ne bashin da ba a kira shi bashi ba, ba a kuma kira shi kyauta ba.

Mataki na biyar: alƙawari

Kowa ya san abin da ake nufi idan aka ce "alƙawarin tela". Sunan da sana'ar ta yi ke nan, kuma ba a banza ba. Akwai yaran da suka yi kuka ranar idi, akwai amaren da suka shiga taro da kayan aro, akwai rigingimun da suka kai gaban mai unguwa ko ofishin 'yan sanda. Abin yana yi mini ciwo, domin mafi yawan telolin nan ba mayaudara ba ne. Ba su san iya abin da hannunsu zai ɗauka ba, kuma suna jin nauyin cewa a'a. Amma a cikin wannan mummunan suna akwai babbar dama ga sabon shiga: a garin da kowa ke saɓawa, wanda ya cika sau uku a jere ba ya buƙatar talla.

Ga yadda ake yi. Ka san adadin da kake gamawa a rana, gamawa ta gaskiya har da guga, ba ranar da ka fi ƙwazo ba. A ce kaftani uku ne. Azumi kwana 29 ne ko 30. Ka cire ranakun da wuta ko rashin lafiya ko layin mai surfani za su ci, ka cire kwana uku na ƙarshe don gyare-gyare, ka tuna kuma mai azumi ba ya aikin da yake yi da bakinsa a buɗe. Za ka ga abin da za ka iya bai fi sittin ba. To idan sittin ta cika, ka rufe karɓa, ko wa ya zo. Ka rubuta a ƙofa. Tun watan Sha'aban, ko ma Rajab, ka kira kwastomominka ka ce su kawo da wuri, ka ɗan rage wa wanda ya riga. Na gaggawa kuma ya biya kuɗin gaggawa, amma kada gaggawarsa ta ture kayan talakan da ya kawo tun farkon wata. Wannan zalunci ne da ake yi kullum, mai kuɗi ya zo ana jibi sallah a ajiye na marayu a ɗauki nasa.

Idan ka san aiki zai ɗauki kwana biyar, ka ce bakwai. Idan wani abu ya gifta, kai za ka fara kira kafin ranar, kada ka kashe waya ko ka sa yaro ya ce ba ka nan. Idan ka ɓata yadi, ka faɗa, ka biya. Anko kuwa, kada ka karɓi na mutum talatin kai kaɗai don kwaɗayin kuɗin. Ka raba da abokan sana'ar da ka yarda da hannunsu, kai ka yi yankan duka don salon ya zo ɗaya.

Kafin kaya su fita, ka juya cikinsu. Zaren da ke reto a yanke, aljihu ya zauna, wuya ya kwanta, zanen atamfa ya haɗu a gaba da baya, ba fure ɗaya a miƙe ɗaya a kife ba. A goge, a ninke, a sa a leda mai tsabta. Kwastoma bai san yanka ba, amma ya san wannan.

Mataki na shida: suna da talla

Idan aiki ya fara zama, ka ba shagon suna mai sauƙin faɗa, ka yi masa rajista a hukumar CAC, ka buɗe asusun banki da shi. Makarantu da kamfanoni ba su cika ba da kwangilar yunifom ga wanda ba shi da takarda ba. Ka buga ɗan tambari ka riƙa liƙawa a wuyan riga daga ciki, da lambar waya.

Wayar hannunka ta isa talla. Ka ɗauki hoto da hasken rana a jikin bango mara hayaniya, ka sa a WhatsApp da Instagram da TikTok. Sharaɗi biyu ne. Kada ka ɗora aikin wani ka ce naka ne, domin ranar da aka kawo yadi aka ce "irin wannan", asiri zai tonu. Kada kuma ka sa hoton kwastoma, balle matar aure ko budurwa, ba da izininta ba. Mutum-mutumin rataye kaya ya wadatar.

Mataki na bakwai: ka fara fitar da naka

Muddin jiran mai kawo yadi kake, kasuwarka tana da rufi: bayan sallah shago ya yi tsit, yara su watse. Mai zayyana tufafi shi ke sayo yadi da kuɗinsa, ya ƙirƙiro salo, ya ɗinka ƙarami da matsakaici da babba, ya sayar a ɗinke. A nan ribar yadi da ta ɗinki suke haɗuwa a hannu ɗaya, a nan kuma ake samun aikin da zai riƙe ma'aikata duk shekara.

Ka fara da kaɗan, kamar guda goma sha biyu na salo ɗaya, a abin da awonsa ba ya da wuya: hijabi, doguwar riga, kayan yara, jallabiya, 'yar shara. Ka yanka samfurin kowane girma a kwali mai kauri don na yau da na wata mai zuwa su zo daidai. Wanda ya ƙare da wuri ka ƙara, wanda ya kwanta ka karya farashi ka fitar da kuɗinka, kada ka yi masa son zuciya.

Kada ka yi gasar araha da kayan da ake shigowa da su daga Sin ko abayar Dubai, ba za ka ci ba. Ka yi abin da ba su da shi. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, har yau ana rini da baba a cikinta. Birnin Zariya cike yake da masu aikin hannu, maza da mata, masu fitar da aska biyu da aska takwas a babbar riga. Akwai masu saƙi, akwai masu ɗinkin hula, akwai dukawa. Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar tufafin da aka saƙa aka rina a nan suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Matashin da ya ɗauki rinin Ƙofar Mata ya yi rigar zamani da shi, ko ya sa ɗan aikin hannun Zariya a wuyan kaftani mara nauyi, ya fitar da abin da babu shi a kwantena, ya kuma ba marini da mai allura aiki. Alphadi, mai zayyana tufafi na Nijar, da irin wannan ya yi suna, da saƙa da adon mutanen Sahara, har ya kafa bikin nunin tufafi na FIMA a 1998 a hamadar Tigidit kusa da Agadas. A Legas ma tun 2011 ake makon nunin tufafi duk shekara. Ba sai ka kai can ba kafin ka ci abinci, amma ka san hanyar tana da tsawo haka. Ka dai biya masu aikin hannun nan haƙƙinsu da kyau. Hula ɗaya tana iya cin makonni a hannun mace, kuma sau da yawa ita ce ke samun mafi ƙanƙanta a cikin cinikin.

Mataki na takwas: ɗaukar ma'aikata da yaye yara

Ranar da ka ga kana mayar da aiki saboda hannu ya yi kaɗan, lokacin ɗaukar mutum ya yi. Ka raba aikin: mai yanka, masu haɗawa, mai wibin da maɓalli, mai guga, da mai kula da waya da littafi. Shago mai keke huɗu yana iya ciyar da mutum shida ko bakwai, ban da mai surfani da mai kai kaya a babur. Ka biya a kan kowane kaya ko a mako, yadda kuka yi yarjejeniya, kuma a ranar da aka ce. Ka sa haske mai kyau da kujera mai jingina, domin ido da baya su ne ke fara gajiya a wannan sana'a. A watan azumi kada ka bar yara su riƙa shan ƙwaya don su kwana a kan keke. Aikin da sai da ƙwaya za a gama shi, tun farko bai kamata a karɓe shi ba.

Yaron da aka kawo maka koyo amana ne. Idan ɗan makaranta ne, ya zo bayan an tashi, kada keke ya raba shi da aji, domin lissafin da zai riƙe shago da shi a can zai samo. Ka ba shi almakashi a lokacin da kuka yi alƙawari. Ka zaunar da shi ya ga yadda kake fitar da farashi da yadda kake magana da wanda ya zo da fushi. Idan lokacin yaye ya yi, ka sallame shi da keke in kana da hali, ko ka tsaya masa a wurin mai sayarwa ya biya a hankali, sannan a azumin farko ka tura masa aikin da ya fi ƙarfin littafinka.